In Kuɗin Gini Ya Kasa, Wa Zai Faɗa?

Duk wanda ya zauna cikin birnin Zariya ya san ginin ƙasa yana da lokacinsa. Bayan kaka a kan kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a ta da bango, a jera azara, a gama rufi kafin ruwan fari ya sauka. Haka magina suka gada tun daga Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Jumma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Majami'ar Wusasa ma, inda mishan ta koma daga cikin birni a 1929, da ƙasa aka gina ta. Wanda damina ta tarar da bangonsa ba rufi, sau biyu zai biya aiki ɗaya.

To, ga abin da ke damunmu. Ekklesiya ta soma gini, an kai rabi, ma'aji ya duba littafi ya ga kuɗi ba zai kai ba. Ya faɗa, ko kuwa ya yi shiru yana sa zuciya Allah zai kawo?

Da yawanmu mukan yi shiru, mu ce bangaskiya ce. Amma in mun binciki zukatanmu, sau da yawa kunya ce kawai, muna gudun a ce dattawa ba su iya lissafi ba. Alhali kuwa alamu ba su ɓuya. Magini ya fara zuwa yau, ya fasa gobe, domin ba a biya shi ba. An ci bashin azara. An taɓa kuɗin gwauraye da niyyar mayarwa, wannan kuwa ya fi duka muni. Baikon nan gumin manoma ne da na mata masu saƙa da kaɗi, suna da hakkin su ji gaskiya. A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu bai yabi mai ginin da ya soma ba lissafi ba.

In an faɗa tun watan Janairu, da sauran dabara. A tara jama'a bayan sujada, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kobo. A rage faɗin ɗakin, a bar ado sai baɗi, samari su ɗauki kwaɓin ƙasa gayya. In duk da haka rufi ba zai samu ba, a lulluɓe kan bango da zana da ciyawa, a dakata sai amfanin gona ya shigo gida.