Ruwan Sama a Inda Babu Mai Noma

A Littafin Ayuba sura 38, sa'ad da Ubangiji ya amsa wa bawansa wanda ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya, bai faɗa masa dalilin wahalarsa ba. Tambayoyi ya jero masa, ɗaya kuwa a kan ruwan sama ne da ke sauka a jejin da ba kowa a ciki. Ayuba ya san hamada. Mu kuwa an nuna mana wurin da ya fi kowace hamada nisa.

Akwai wata ƙatuwar duniya mai zobba da ake kira Saturn, nisanta daga rana kamar kilomita biliyan 1.4 ne. Mu wata ɗaya ne da mu, ita kuwa a Maris 2025 lissafin nata ya kai 274. Mafi girmansu shi ne Titan. A 1997 aka harba kumbon Cassini, ba mutum a ciki, ya yi kusan shekara 7 a hanya. Ranar 14 ga Janairu 2005 wata na'ura da ya ɗauko, mai suna Huygens, ta sauka a Titan, ta aiko da hotunan kwazazzabai da tsakuwoyi masu santsi irin na bakin rafi.

Ashe a can ma hadari yakan haɗu, a yi ruwa, tafkuna su cika. Sai dai ba ruwan sha ba ne. Gas ne irin wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, tsananin sanyi, wajen digiri 179 ƙasa da sifiri, ya mai da shi ruwa-ruwa. Babu gona, babu makiyayi, babu mai ɗaga ido ya gode. Duk da haka yana sauka a kan lokacinsa, tun kafin a haifi Ayuba.

Ɗan adam fa? Mutum 12 ne kacal suka taka watanmu, tsakanin 1969 da 1972, kuma har yau ba wanda ya wuce kewayensa. Ba na raina wannan ƙoƙari. Hankalin da aka yi shi da shi baiwar Allah ce, kada iyaye su tsorata in yaro ya ce ilimin taurari zai karanta. Amma saƙo ma daga Saturn sai ya fi awa ɗaya kafin ya iso mana, balle mutum mai bukatar numfashi da abinci.

Ke gwauruwa mai kuka da dare, kai uba da ka binne ɗa, wataƙila kun ce idon Allah ya kauce daga gidanku, tun da idon mutane ya kauce. Ku karanta surar nan tare da iyalinku a wannan mako, a hankali, har ku kai aya ta 26. Wanda yake yi wa Ayuba maganar ruwan da ba mai gani, a gaban Ayuba yake tsaye, kuma da shi yake magana.