Kawalwalniya: Ruwan da Ba a Sha

 

Ya kai ɗan'uwa Musulmi, in ka taɓa bin hanyar Kano zuwa Katsina da tsakar rana a lokacin bazara, lalle ka hango ruwa kwance a kan kwalta can gabanka yana ƙyalli. Mota na gudu, shi kuma yana ja da baya. Wannan ita ce kawalwalniya, Larabawa suna ce mata sarabu. Wasu sukan ce wai aljanu ne ke ruɗin matafiya. Wannan camfi ne. Tsari ne kawai da Allah Ya ɗora haske da iska a kansa.

To, ga yadda abin yake. Rana takan gasa kwalta ko rairayi, su kuma su gasa iskar da ke manne da su. Iska in ta yi zafi sai ta saki, ta rage kauri, alhali wadda ke samanta tana nan da kaurinta. Haske kuwa, mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, ya ɗan fi sauri a cikin sakakkiyar iska. Saboda haka hasken da ya gangaro daga sama a karkace, in ya zo dab da ƙasa, sai ya lanƙwashe a hankali ya yo sama, ya faɗa idonka. Ido ya saba haske a miƙe yake zuwa, sai ya ɗauka daga ƙasa ya fito. Ashe shuɗin sama kake gani a shimfiɗe! Har motar da ke gabanka ka ga surarta a juye, kamar a bakin tafki. Rawar da ruwan ke yi kuwa, motsin zazzafar iska ce. Ko kyamara ka ɗora za ta ɗauka, don hasken na gaskiya ne.

Lanƙwasar haske ba sabon ilmi ba ne. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040 Miladiyya, ya yi bayaninta a Kitabul Manazir. Daga baya wani Bafaranshe, Gaspard Monge, ya bayyana ta kawalwalniya a Masar a 1798, sa'ad da ƙishirwa ta galabaitar da sojojin Napoleon a hamada.

Yanzu ka koma Suratun Nur, aya ta 39, inda Allah Ya buga misalin ayyukan kafirai da kawalwalniya. Ka lura fa, mai ƙishirwa aka ambata. Ido bai yi masa ƙarya ba, ƙishirwa ce ta yanke masa hukunci, ya sha wahalar tafiya, ya tarar babu komai sai hisabi. Aya ta sauka ne a kan kafirai, kada mu kafirta kowa da ita. Amma wallahi akwai abin tsoro ga mai ibadar da ba shi da hujjarta daga Alƙur'ani ko Sunna, don kawai ta yi masa kyau a ido.

Me ya sa take gudunka? Lanƙwasar ƙarama ce ƙwarai, sai kallon nesa ke kama ta. Da ka matso, kallonka ya sunkuyo, sai ka ga busasshiyar ƙasa. In kana shakka, tsaya ka hau tudu ko saman mota: tafkin gaskiya yana nan inda yake, ita kuwa sai ta tsuke, ta koma can nesa.