Gonar Aro

A 1967 masanin tarihi Lynn White ya wallafa muƙala a mujallar Science, inda ya ɗora wa Kiristancin Turai babban kaso na laifin lalacewar muhalli. Madogararsa ita ce Littafin Farawa 1:28, ayar da ta ba ɗan'adam iko a kan sauran halittu. Zargin ya fi sosa wa Kiristocin bishara rai, domin su nassi ne hujjarsu ta farko da ta ƙarshe, don haka dole amsarsu ta fito daga nassin. Kuma tana nan. Farawa 2:15 ta sa Adamu ya nome gonar ya kuma kiyaye ta, Littafin Firistoci sura 25 ya umarci a bar gona ta huta kowace shekara ta bakwai, ya hana sayar da ƙasa har abada domin ta Allah ce. Wanda aka gindaya wa waɗannan sharuɗɗa aro aka ba shi, kuma kowane manomi ya san yadda ake mayar da gonar aro. Malamin bishara Francis Schaeffer ya bi wannan hanya tun 1970, kafin maganar ta zama ta siyasa.

Wasu na cewa ai wasiƙar Bitrus ta biyu ta nuna duniya ƙonewa za ta yi, me za a wahala a kai? Wannan hujja ba ta da ƙwari. Jiki ma ƙasa zai koma, amma hakan bai hana mishan ɗin SIM buɗe asibitin Galmi a 1950 ba. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta ƙungiyar Cornwall Alliance, wadda ta ƙalubalanci shugabannin bishara 86 na Amurka da suka sa hannu a takardar kira kan sauyin yanayi a 2006: tsauwala wa man fetur da kwal, in ji ta, talaka zai fara ji a jikinsa. Akwai gaskiya a ciki, wanda ke girki da kara ba a yi masa wa'azin rage hayaƙi. Sai dai mai wannan suka ya riga ya yarda cewa haƙƙin talaka ne ma'auni, saura kawai a duba ko kula da ƙasa na tauye shi.

Maraɗi ta ba da shaida. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da SIM, bayan dashen itatuwa ya yi ta ci tura, ya lura cewa tsirran da ake sassabewa kafin damina tohon kututture ne masu saiwa da rai. Ya shawarci manoma su bar 'yan rassa masu ƙarfi su rage sauran. Manoman, akasarinsu Musulmi, su suka yaɗa dabarar daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta ta farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Gawo ya dawo, gero ya samu taki daga ganyensa, mata suka samu itacen girki kusa da gida.