Amanar Baƙo: Hukuncin Zama Da Aiki A Ƙasar Wasu Ba Tare Da Takarda Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata wasiƙa ta zo mini daga wani bawan Allah mazaunin Daura, watau ta ƙasar Ƙaraye, ba ta Daurama ba. Ya ce ƙanensa ya tafi Umra yau shekara shida bai komo ba, yana can Jidda yana gadin wani gida, ba shi da igama, kuma da abin da yake aikowa ake ci da mahaifiyarsu. Yanzu ga wani dillali ya yi masa tayin takardar zama mai ɗauke da sunan wani mutum dabam. Yana tambaya ko akwai laifi cikin wannan zama tun da ƙasa ta Allah ce, ko kuɗin halal ne, ko kuma yaron ya karɓi takardar. Na ga ya kamata in amsa a wannan fili, domin gidaje da dama a Ƙaraye da Rogo suna da nasu ɗan takarin.

Ya ɗan'uwa, ka sani neman izinin zama a hannun masu ƙasa abu ne da ya girmi fasfo da biza. Larabawa suna kiransa jiwari, malaman fiƙihu kuwa suna ce masa amana, wanda aka bai wa shi kuma musta'amini. A shekara ta biyar bayan aiko Annabi, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, ya umurci sahabbai su tafi Habasha wurin Najjashi, sarki Kirista wanda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Da Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a maido su, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya tsaya gaban sarki ya faɗi ko su wane ne da abin da ya koro su. Ko da aka tambaye shi game da Annabi Isa, inda gaskiya ke iya jawo musu kora, bai ɓoye aƙidarsa ba. Da wannan gaskiya suka sami mafaka, har Ja'afaru bai koma ba sai shekara ta bakwai bayan hijira, lokacin buɗe Haibara.

Shi kansa Manzon Allah, da ya komo daga Ɗa'ifa bai shiga Makka ba sai da ya aika neman jiwari, Muɗ'imu ɗan Adiyyu, wanda ba Musulmi ba ne, ya amsa masa, ya fito da 'ya'yansa riƙe da makamai. Annabi bai manta da wannan alheri ba, ya ambace shi bayan yaƙin Badar alhali Muɗ'imu ya riga ya mutu.

Amma wanda ya fi dacewa da tambayarka shi ne labarin Sayyidina Abubakar. Ibnu Dagina ya ba shi jiwari bisa sharaɗin ya riƙa salla da karatu a cikin gidansa. Da aka yi kwanaki Abubakar ya gina masallaci a ƙofar gida, Ƙuraishawa suka kai ƙara, Ibnu Dagina ya zo ya ba shi zaɓi, ko ya tsaya kan sharaɗi ko ya maido jiwarin. Abubakar ya maido masa abinsa a fili. Ka lura, bai riƙe amanar da hannu ɗaya yana warware sharaɗinta da ɗayan ba. Kazalika Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, da Ƙuraishawa suka tare su suka sa su alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba, Annabi ya ce su cika alkawarinsu, ga shi kuwa ranar Badar ce, Musulmi suna bukatar kowane namiji.

To, biza irin wannan alkawari ce. Ranar da ƙanenka ya miƙa fasfonsa aka buga masa hatimin Umra, ya yarda zai yi ibada ya fita cikin kwanaki ƙidayayyu, ba zai kama aiki ba. Farkon Suratul Ma'ida umurni ne da cika alkawura, aya ta 34 a Suratul Isra'i kuma ta nuna za a tambayi bawa game da alkawarinsa. In an cika wa mushirikan Makka, ina ga hukumar Musulmi da ta ƙayyade yawan mutane don kada alhazai su tattake juna? Masu cewa ƙasar Allah ce, su tuna gonar maƙwabcinsu ma ta Allah ce, amma ba su shiga su girbe ta. Falalar zama a Makka kuwa da ake fakewa da ita, Imamu Abu Hanifa ya karhanta daɗewa a can, don tsoron kada girman Ɗakin ya ragu a zuciya, kuma zunubi a wurin ya fi nauyi. Bari in ƙara da cewa, a matsayina na mai koyar da Larabci, igamar nan da muke faɗa ita ce iƙama, kalma guda da wadda ladan yake yi kafin a ta da salla, ma'anarta tsayuwa da tabbata. Wanda yake kwana da kunne ɗaya don tsoron askarawa, ba ya iya kai matarsa asibiti, 'ya'yansa ba makaranta, ina ya ga tabbata?

Game da kuɗin, ka kwantar da hankalin Hajiya. Gadi aiki ne halal, ladan da aka biya a kansa gumin ƙanenka ne, ba haram take ci ba. Laifin saɓa alkawari dabam yake, yana kansa har ya gyara. Maigidan da ke amfani da rashin takardar ma'aikaci yana danne masa haƙƙi kuwa, hadisi ya zo cewa Allah da kansa ne abokin shari'arsa ranar ƙiyama.

Takardar dillali dai haramun ce, babu ja. Ƙarya ce, shaidar zur ce, kuma jingina kai ga uban da ba naka ba ne, abin da Annabi ya tsananta hani a kansa. In mutum ya mutu da ita da sunan wa za a rufe shi, yaya za a yi da gadonsa da takabar matarsa? A zamanin nan da ake ɗaukar zanen yatsu ma ba ta daɗe ba ta tonu, kuɗi sun tafi, ga ɗauri.

Hukumomi sukan buɗe ƙofa, sai dai mutanenmu sukan yi jinkiri har a rufe. A watan Afrilu na 2013 Sarki Abdullahi ya ba baƙi wa'adin wata uku su gyara takardunsu ko su fita ba tara, aka ƙara shi har zuwa farkon Nuwamba. Da wa'adi ya cika aka shiga kame, 'yan Habasha kaɗai da aka kwashe sun haura dubu 100. A ƙarshen Maris na 2017 an sake yin afuwa ta kwana 90, wadda ta ba mai saɓa dokar zama damar fita ba tara, ba tare da an hana shi komowa ta hanyar halal ba. Ko a Amurka akwai dokar 1990 wadda ke ba 'yan ƙasar da yaƙi ko annoba ta auka wa kariya ta ɗan lokaci tare da takardar izinin aiki, muddin sun rubuta sunansu cikin wa'adi. An yi wa 'yan Laberiya da Gini da Saliyo haka a 2014 saboda cutar Ebola, aka janye a 2017. Neman irin wannan kariya halal ne, shi ne abin da Ja'afaru ya yi, da sharaɗin mai nema ya faɗi gaskiyar sunansa da ƙasarsa da ranar shigarsa. Wanda neman arziki ya fitar da shi kada ya rubuta yaƙi ne ya koro shi, domin yana cin rabon wanda aka ƙone wa gida da gaske.

Kada kuma mu ga laifin Larabawa kaɗai. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Hausawan zango da yawa suka taho suka bar gidaje da shaguna. A Janairun 1983 mu ma muka yi wa 'yan Gana da 'yan Nijar da sauransu irin wannan. Littafin Risala da muke karantarwa a zaure ya nuna amanar da mafi ƙasƙancin Musulmi ya bayar tana hawa kan sauran, har ta mace da ta yaro mai wayo. Aya ta 6 a Suratut Tauba ta yi umurni a ba mai neman mafaka mafaka, sa'an nan a kai shi inda zai aminta. Wanda ke da ɗa a Jidda ya duba yadda yake biyan ɗan ci-ranin da ke masa noma.

Abin da nake ba ka shawara, Malam, ka kira ƙanenka ka hana shi ba dillali ko sisi. Ya je ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda ya bayyana halinsa, in fasfonsa ya ɓace ko ya mutu ya nemi takardar komowa gida, ya tambayi hanyar fita da doka ta tanada. In yana son komawa aiki, ya bi ta bizar aiki da sunansa na yanka, ya sa wanda ya iya Larabci ya karanta masa yarjejeniya kafin ya sa hannu. Ku kuma na gida ku raba ɗawainiyar Hajiya a tsakaninku tun yanzu, don sau da yawa kunyar komowa hannu rabbana da yawan bukatun dangi su ne ke riƙe yaro a can. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin matar da mijinta ya yi shekaru a takari ba aike ba labari. Wassalamu alaikum.