Abokin da Ba a San Gidansu Ba

A gidajen masu bi da yawa a Kubwa, Nyanya da Karu, akwai tambayar da takan tashi bayan cin abincin dare. Yaro ya cika shekara 13, wato shekarun da Facebook ya ƙayyade wa mai buɗe shafi, yana roƙo a bar shi ya shiga. Me iyaye za su ce masa? Uban da ya yi saurin hanawa, sau da yawa shi kansa wayar ba ta barin hannunsa sai an fara addu'ar kwanciya.

Ba daidai ba ne a musanta alherin waɗannan dandali. Abuja birnin baƙi ne. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas a 1991, mutanen Kafanchan, Pankshin, Zuru da Mubi suke barin dangi a gida su zo neman abinci, kuma ta wannan hanya suke ganin jikoki da jin labarin biki da rasuwa. Da aka rufe birnin a ƙarshen Maris 2020 saboda annobar korona, ikkilisiyoyi da dama ta Facebook suka yi sujadar Lahadi. Haka kuma, bayan sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a ranar 14 ga Afrilu 2014, kukan da iyaye da masu tausayi suka riƙa yi a Unity Fountain ya bi ta Twitter ya kai har fadar shugaban Amurka. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Chibok ba suka ɗauki baƙin cikinta kamar nasu. Wanda ya san misalin Basamariye a Luka sura 10 ba zai raina wannan ba.

Amma ƙofar da maƙwabcin kirki ya shigo ta cikinta, ita ce mugu yake bi. A watan Yuli 2012 wata ɗalibar babban digiri a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi ta tashi daga Abuja zuwa Legas, domin ta sadu da waɗansu samari da ta sani a Facebook, waɗanda suka yi mata alkawarin harkar kasuwanci. A ɗakin wani otal a Festac suka kashe ta. Kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa a 2017. Abin da ya kamata iyaye su tsaya a kai shi ne, ita ba ƙaramar yarinya ba ce, ba kuma jahila ba. Tana da ilimi, tana da shagonta, kuma ta daɗe tana hira da su har ta saki jiki.

A nan ne ainihin matsalar take. A al'adarmu abota tana da shaidu. An san gidan su aboki, an san ubansa, an gan shi ranar fushi da ranar rashi, in ya ci amana akwai dattijon da za a kai wa ƙara. Dandalin intanet kuwa ya ɗauki wannan kalma mai nauyi ya liƙa wa duk wanda aka danna wa maɓallin amincewa. Hotonsa shi ya zaɓa, labarinsa shi ya tsara, babu wanda zai ƙaryata shi. Zuciya kuma, da yake ta saba, takan ba shi amanar da sunan aboki ya cancanta, alhali bai biya kuɗinta ba.

Saboda haka hani kaɗai ba zai wadatar ba, gama yaron da aka hana a gida zai buɗe shafi da wayar ɗan ajinsu, ya kuma koyi ɓoyewa. Ya fi kyau uba ko uwa su zauna da shi, su bi jerin abokansa ɗaya bayan ɗaya, suna yin tambayar da kakanni suke yi wa duk baƙon da ya yi sallama: wannan ɗan gidan wane ne? Facebook ya yarda mutum ya tara abokai har 5,000. Uban da zai yi wannan bincike, lalle yaron zai nemi a buɗe jerin nasa shi ma.