Hular Kwano da Tawakkali: Shin Wanda Ya Tsare Kansa Ya Rage Imani?

 Batun wannan mako ƙarami ne a ido, amma saiwarsa ta kai har cikin aƙida, watau batun hular kwano wadda ake cewa mai hawan keke ko babur ya riƙa sanyawa.

A ranar 1 ga Janairu 2009 ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu babura sanya hular kwano a Nijeriya. Abin da ya biyo baya har gidajen rediyon ƙasashen waje sun ɗauka, domin an ga waɗansu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka, waɗansu bokitin fenti, an ɗaure da igiya, don dai a wuce gaban ma'aikata lafiya. Jama'a suka yi ta dariya. Da aka tambayi dalili, wani ya ce tsada, wani ya ce zafi, fasinjoji kuma suka ce suna ƙyamar hular da kowa ya sa, har da masu tsoron a yi musu asiri da ita. Mai keke kuwa ba a ma sako shi a cikin zancen ba, alhali kansa da na mai babur duk ƙashi ɗaya ne. Amma hujjar da ta fi kowace ƙarfi a zukatan mutane, wadda kuma har yau ba ta mutu ba, ita ce cewa abin da Allah Ya rubuta babu makawa, wanda kwanansa ya ƙare ko tukunyar ƙarfe ya kifa sai ya tafi, wanda kuma yake da sauran shan ruwa ko tirela ta bi ta kansa sai ya tashi.

Wannan magana ba abin yi wa dariya ba ce, domin rabinta gaskiya ce tsantsa. Babu Musulmin da yake shakka cewa ajali ƙayyadadde ne, ba ya gabata ba ya jinkiri, kuma imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, ɗaya ne daga cikin shika-shikan imani guda shida. Inda gizo yake saƙa shi ne a hukuncin da aka ɗora a kan wannan gaskiya, watau cewa tun da an riga an rubuta, to tsare kai aikin banza ne, ko ma alama ce ta raunin yaƙini. Mai wannan hujja da kansa ba ya aiki da ita a sauran al'amuransa. Arzikinsa ma rubutacce ne, amma da asuba yake ɗaure kaya a bayan keke ya nufi kasuwa. In ya isa sai ya sa wa keken makulli. In birki ya lalace ya kai wa mai gyara. Sai an zo kan kansa, wanda ya fi keken da kayan da ke bisa daraja, sa'an nan ne yake tuna ƙaddara.

Malamai sun daɗe da warware wannan ƙulli. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi kuwa aikin gaɓoɓi ne, saboda haka ɗaya ba ya korar ɗaya. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ya dogara ga Allah ko kuwa ya sake ta ya dogara, sai aka umarce shi ya haɗa biyun, ɗaurewa da dogara. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Sayyadina Umar, Allah Ya yarda da shi, lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi, Umar ya amsa da cewa lalle gudu ne, amma daga wata ƙaddarar Allah zuwa wata. Ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gaɓa biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshiya, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Ma'ana, sababin shi ma yana cikin abin da aka rubuta. Bawa bai san me aka rubuta masa ba, amma ya san abin da aka umarce shi da shi, kuma a kan wannan za a tambaye shi.

To amma a wannan mas'ala ba a ma bukatar tafiya nesa, domin hular ƙarfe da kanta ta zo a cikin tarihin Annabi. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya fita sanye da sulke biyu, ɗaya bisa ɗaya, da kwalkwali a kansa. A ranar aka ji masa rauni a fuska, haƙorinsa ya karye, kwalkwalin ya fashe a kansa, har zobe biyu na hular sulken suka nutse a kuncinsa, sai wannan Abu Ubaida ɗin ne ya cire su da haƙoransa, shi ma ya rasa haƙora biyu. Duk mai cewa ya ga wanda ya sa hula amma ya ji ciwo, to ga misali mafi girma. Hular ba ta hana rauni ba. Duk da haka, bayan shekara biyar, ranar buɗe Makka a shekara ta 8, Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Manzon Allah ya shiga garin da hular sulke a kansa. Babu wanda ya kai shi sanin ƙaddara, babu wanda ya kai shi dogara ga Allah, kuma abin da ya same shi a Uhudu bai sa ya yar da hula ba. Alƙur'ani mai girma ma, a cikin Suratul Anbiya, ya lissafa saƙar sulke da aka koya wa Annabi Dawuda a matsayin ni'ima wadda ake neman godiya a kanta, a Suratun Nahli kuma an ambaci tufafin da ke kare zafi tare da waɗanda ke kare mutum a fagen fama.

Magabata a ƙasar Hausa sun fahimci haka sarai. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma har yau ana ganin 'yan lifida a hawan salla. Ba a taɓa jin wani malami ya ce barde mai kwalkwali ya kasa tawakkali ba.

Akwai kuma abin da masu hujjar ajali suke mantawa, watau tsakanin rayuwa da mutuwa akwai zango mai tsawo. Ba duk wanda ya bugu a ka ne yake mutuwa ba. Wani ya tashi da farfaɗiya, wani harshensa ya riƙe, wani ɓarin jikinsa ya shanye, wani kuma ya rayu shekaru bai san matarsa da 'ya'yansa ba, a kwantar a tayar, salla ma ta faɗi a kansa saboda gushewar hankali. Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Rauni guda a ƙwaƙwalwar magidanci yana iya taɓa biyar ɗin nan a rana ɗaya.

Yadda hular take aiki ba wani sirri ba ne. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, idan kai ya bugi kwalta ya tsaya farat ɗaya sai ita ta ci gaba ta bugi ƙashi daga ciki. A cikin hular akwai farin soso mai tauri, ɗan'uwan wanda ake tallafe rediyo da shi a kwali amma ya fi shi ƙarfi, shi ne yake murƙushewa ya shanye bugun, ya sa tsayawar kan ta zo da ɗan sauƙi. Wannan soso shi ne hular, ɓawon waje rufi ne kawai. Daga nan za a gane cewa ƙwarya ba ta yin komai, haka nan hular ma'aikatan gini wadda aka yi domin abin da zai faɗo daga sama. A 2016 masana a wata jami'a ta Sidni a Ostareliya sun tattara bincike 40 da suka shafi masu keke fiye da 64,000, suka tarar hula tana rage haɗarin mummunan rauni a ka da kusan kashi 70 cikin ɗari. Masu tseren keke na duniya ma sun daɗe suna ƙin ta, sai da Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi ya rasu a wani tsere a Faransa a watan Maris 2003, sa'an nan aka wajabta musu ita.

Da yake sababin da shari'a take nufi shi ne wanda yake aiki da gaske, zaɓen hula ya zama wani ɓangare na mas'alar. Mai saye ya auna kewayen kansa da awon tela, ya nemi wadda ta zauna daram ba ta rawa, ta sauko goshi har saura faɗin yatsa biyu ta taɓa gira, maɗaurinta ya kewaye kunne ya ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. Ya duba ciki ko akwai shaidar gwaji, kamar EN 1078 ta Turai ko CPSC ta Amurka, ko da yake ita ma shaidar ana buga ta jabu. Ya yi hattara da ta gwanjo, domin soson nan sau ɗaya yake aiki, in ya taɓa shan bugu ya gama, ko da waje yana ƙyalli. Kuma hular keke ba ta wadatar da mai babur, nasa gudun ya fi ƙarfinta.

Sai kuma batun yanayi, wanda shi ne yake sa da yawa su sayi hula su rataye. A bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, hula mai nauyi marar ƙofofin iska azaba ce, kuma duk abin da ya zama azaba ba a dawwama a kansa. Saboda haka tun farko a zaɓi marar nauyi mai ƙofofi, wadda ake iya cire tsumman cikinta a wanke gumi, kada kuma a riƙa barin ta a cikin rana ko kusa da wuta. Wannan hular ita za ta yi hunturu, a sa 'yar siririyar hular sanyi a ƙarƙashi a ɗan sassauta maɗaurin baya, shi ya sa mai maɗauri na murɗawa ta fi. Fara ko mai launi mai haske ta fi baƙa, domin direba ya hango mutum cikin hazo ko duhun hadari a damina. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ɗora ta a bisa ƙube ko zanna ko rawani, don ba za ta zauna ba. A nan ne dattawa da malamai suke jin nauyi, suna ganin fita ba hula zubar da girma ne. Hula ado ce da kamala, babu musu, amma tana shiga aljihu ko jaka a mayar da ita in an sauka, kuma babu wani malami da ya ce rufe kai da wani nau'in hula na musamman farilla ne a kan hanya.

Adalci ne kuma a faɗi iyakar wannan hula, domin akwai ɓata ta ɗaya gefen, watau mutum ya dogara ga sababi ya manta Mai sababin. Gwajin da ake yi mata shi ne a sako ta daga tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kwatankwacin bugu a gudun kilomita 20 a awa. An yi ta ne domin wanda ya faɗi, ba domin wanda babbar mota ta take ba. Wanda ya sa ta ya shiga kutsawa tsakanin motoci, ko tafiyar dare ba fitila, ya ɗauki zuciyarsa ya rataya ga soso. A ƙasar Holan akasarin masu keke ba sa sanya hula, amma tafiyar keke a can tana cikin mafi aminci a duniya, saboda tun shekarun 1970 suka shiga ware wa keke hanyarsa dabam da ta mota. Wannan yana nuna cewa ba daidai ba ne a tattara nauyin duka a aza wa talaka mai keke. Hukuma da ta bar rami a titi tana da nata kason, haka direban da yake matse mai keke zuwa kwata, alhali hadisi ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani.

Talakan da kuɗin hula ya yi daidai da abincin gidansa na kwanaki, shari'a ba ta ɗora masa abin da ba ya iyawa, sai dai ya ƙara kula da birki da fitila da bin gefen hanya. Amma wanda yake da halin canza wayar hannu ba shi da wannan uzuri, kuma mai kuɗin da yake raba kekuna ko babura ga matasa ya kamata ya haɗa da hula, domin kyautar ta cika. Ɗan kasuwar da yake sayar da ɓawon roba marar soso da sunan hular kwano, yana sane, algus ɗinsa ya fi na mai jiƙa hatsi muni, domin wanda ya saya zai hau titi yana zaton ya tsare kansa.

Akwai kuma wanda ba a tambayarsa ra'ayi, watau yaron da ake ɗorawa a kan bodi ko a kariya da safe za a kai shi makaranta. Baligi in ya ce ya yarda da abin da zai same shi, to aƙalla da ransa ya yi ciniki, ko da yake ran ma amana ne a hannunsa ba mallakarsa ba. Yaro kuwa bai zaɓi keken ba, bai zaɓi hanyar ba, ƙashin kansa bai yi ƙwarin na babba ba, kuma uba ne aka ba kiwonsa. Duk gidan da kuɗin hula ɗaya kaɗai ya samu, to a kan yaron ya kamata a fara aunawa.