Wa Ya Ɗebo Da Zafi?

A tsibirin Kawai na Hawai, can tsakiyar tekun Fasifik, akwai wani ɗan tsuntsu da ake kira Puaiohi. Ba a samun sa ko'ina sai a bakin ƙoramun tsaunin Alaka'i, inda yake sheƙa a jikin dutse. 'Ya'yan itatuwa yake ci, ya watsa irinsu, daji ya ci gaba da tofo. Yau kimanin 500 suka rage.

Ɓera da sauro ne ke ƙarar da su, kuma jiragen ruwan mutane ne suka kai su tsibirin. Ɓera ya cinye ƙwai a sheƙa, sauro ya sa musu zazzaɓi. Ɗan'uwansa Kama'o tun 1989 ba a sake ganin sa ba.

Hausawa kan ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. A nan mutum ya ɗebo, bakin tsuntsu ya ƙone. Shin wanda bai nufi ɓarna ba, alhaki na kansa? Ina ganin yana kansa. Makiyayin da shanunsa suka faɗa gonar wani ba a tambayar niyyarsa, biya yake yi. Masu ɗana wa ɓera tarko a Alaka'i bashin kakanni suke biya.